Yadda Mutanen Kazuno Na Ƙasar Japan Suke Bin Sawun Beyar

Ran 5 ga watan Nuwamba na shekarar 2025 wata ƙungiyar soja ta sauka a Kazuno, wani ƙaramin gari da ke cikin duwatsun arewacin ƙasar Japan. Gwamnan Lardin Akita, Kenta Suzuki, shi ne ya roƙi Ma'aikatar Tsaro ta aiko su, domin wani naman daji da ake kira beyar ya addabi talakawansa, har ma'aikatan lardi da maharba sun kai ga gajiya. Sojan ba su zo da bindiga ba. Aikin da aka ba su shi ne ɗaukar manyan tarkuna na ƙarfe zuwa bakin daji, da kai maharba wuraren da aka ɗana su, da kwashe gawar dabbobin da aka harbe. Suka yi ta wannan aiki a garuruwan lardin har ƙarshen watan.

Mai karatu yana iya tambaya, ta yaya hukuma take sanin inda za ta kai tarko a cikin ƙasa mai faɗi wadda yawancinta kurmi ne? Amsar ita ce wani aiki da mutanen lardin suka yi shekaru suna yi ba tare da hayaniya ba, watau rubuta kowane labarin ganin beyar, da ranarsa da sa'arsa da wurinsa, sa'an nan a zauna a karanta abin da rubutun yake nunawa.

WACE DABBA CE BEYAR?

Babu beyar a dazuzzukan Afirka. Irin da aka taɓa samu a duwatsun Atlas na arewacin nahiyar ya ƙare tun cikin ƙarni na 19, saboda haka ya kyautu a ɗan kwatanta ta. Dabba ce mai kaurin jiki da gashi mai yawa, tana tafiya da ƙafa huɗu, amma takan miƙe tsaye bisa ƙafafun baya kamar mutum. Tana da dogayen farata, gwanar hawan itace ce, hancinta kuwa yana da ƙarfi ƙwarai. A gajeriyar tazara gudunta yana kai kilomita 40 cikin sa'a, don haka mutum ba ya tsere mata.

Iri biyu ne a Japan. Babbar, mai ruwan ƙasa-ƙasa, tana tsibirin Hokkaido ne kaɗai. Wadda take Lardin Akita da sauran babban tsibirin Honshu baƙa ce, tana da wani farin tabo a ƙirji mai kama da jinjirin wata, kuma namiji ƙosasshe yakan kai kilo 100. Ko da yake tana da haƙoran masu cin nama, yawancin abincinta ganye ne da 'ya'yan itatuwa da ƙwari da zuma. In sanyi ya kama, wajen watan Disamba, sai ta shige kogon itace ko rami ta kwanta, ba ci ba sha, har wajen watan Afrilu. A cikin wannan dogon barci ne mace take haihuwa, ɗa ɗaya ko biyu. To, tun da za ta yi wata huɗu ko biyar ba ta sa kome a baki ba, tilas ne ta tara kitse daga Satumba zuwa Nuwamba, ko ta halin ƙaƙa. A waɗannan watanni uku ne ta fi karo da mutane.

ABIN DA YA FARU A 2016

Kazuno yana kimanin kilomita 500 arewa da Tokyo, a kusurwar da Lardin Akita ya haɗu da lardunan Aomori da Iwate. An san shi da gonakin tuffa da shinkafa, da maɓuɓɓugan ruwan zafi, da tsohuwar mahaƙar tagulla ta Osarizawa wadda aka rufe a 1978. Mutanen wurin sun daɗe suna maƙwabtaka da beyar, kuma al'adarsu ce in ƙanƙara ta narke su hau duwatsu su roro tohon wata irin gora, wanda ake dafawa a ci, ake kuma sayarwa da daraja. In za su shiga daji sukan rataya 'yar ƙararrawa ko su kunna rediyo, domin an yi imani cewa dabbar in ta ji motsin mutum takan kauce.

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa 10 ga Yuni na 2016, mutum huɗu suka rasa rayukansu a yankin Towada Oyu na ƙasar Kazuno, maza uku da mace ɗaya, dukansu dattawa ne da suka je neman tohon gora ko ganyen daji. Wuraren da aka tsinci gawarwakin ba su da nisa da juna. Ran 10 ga Yuni maharba suka harbe wata beyar mace a kusa, da aka buɗe cikinta aka tarar da naman mutum.

Abin da ya fi tayar wa masana hankali shi ne, bayan mutuwar farko da ta biyu mutane ba su daina shiga wurin ba, kuma an daɗe kafin a haɗa labaran wuri ɗaya a gane cewa musiba guda ce take maimaita kanta. Tun daga lokacin ne hukumar garin take toshe hanyoyin shiga wannan yanki a kakar tohon gora, Lardin Akita kuma ya ɗauki tattara labarin beyar a matsayin aikin gwamnati na kullum. A 2020 lardin ya buɗe ofishi na musamman domin taimaka wa garuruwa a kan sha'anin, ya kuma ɗauki ma'aikaci mai ilmin dabbar. Duk da haka hatsarin bai gushe ba, domin a watan Mayu na 2024 beyar ta raunata 'yan sanda biyu a dajin Oyu yayin da suke ƙoƙarin ɗauko gawar wani mutum da ya ɓace.

YADDA LABARI YAKE TAFIYA

A garuruwan Akita, in manomi ko direba ko ɗan makaranta ya hangi beyar, abin da ake nema gare shi shi ne ya buga waya ga 'yan sanda ko ofishin hukumar gari. Za a tambaye shi ƙarfe nawa ne, a ina ne, guda nawa ne, yaya girmanta, tana tare da 'ya'ya ko ita kaɗai, me take yi, kuma ina ta nufa. Daga nan sai motar 'yan sanda ta zaga unguwa tana gargaɗi da lasifika, a aika saƙo ga wayoyin mazauna, in kuwa kusa da makaranta ne a nemi iyaye su zo su ɗauki 'ya'yansu. Ma'aikacin gari da wani daga ƙungiyar maharba sukan je su duba wurin da idonsu.

Ba sai an ga dabbar ido da ido ba ne ake rubuta labari. Sawunta a cikin taɓo, kashinta a bakin gona, kartar farcenta a jikin itace, amyar zuma da aka fasa, da rassan da ta kakkarya ta tara a saman itace lokacin da take cin 'ya'yansa, duk shaida ce. Kashin ma ya fi sawu ba da labari, gama wanda ya sani in ya tona shi zai gane ko abincin daji take ci ko ta fara ɗanɗanar amfanin gona. Dabbar da ta saba da tuffa ko shinkafa ko abin da ke cikin kwandon shara, ita ce wadda za ta dawo gobe da jibi.

A 2024 Lardin Akita ya haɗa dukan waɗannan labarai a kan taswira guda ta intanet wadda aka sa wa suna Kumadas, daga kalmar kuma, watau beyar da harshen Japan. Kowa yana iya buɗe ta a wayarsa ya ga alamun da aka ɗiga a kewayen gidansa ko hanyar gonarsa, yana kuma iya aika nasa labarin, ko ya nemi a riƙa sanar da shi duk sa'ad da aka ga dabbar a yankin da ya zaɓa. Uwa takan duba kafin ta sallami yaro, mai rabon kaya yakan duba kafin ya kama hanya.

A shekarar kuɗi ta 2023, wadda a Japan take farawa ran 1 ga Afrilu, an rubuta labarin ganin beyar fiye da 3,000 a lardin, mutum 70 suka ji rauni. A ƙasa baki ɗaya mutum 219 ne dabbar ta auka wa, 6 suka mutu, kuma ba a taɓa ganin irin wannan adadi ba kafin nan. A 2025 abin ya zarce haka. Kafin sojan su iso Kazuno labaran da aka rubuta a Akita sun wuce 8,000, zuwa ƙarshen Nuwamba kuwa waɗanda abin ya shafa a ƙasa duka sun kai 230, mamata 13.

GANI DABAN, ƘIDAYA DABAN

Amma fa ma'aikatan da suke riƙe da waɗannan alƙaluma sun san iyakarsu. Beyar guda ɗaya da ta ratsa gari da safe tana iya zama labari goma kafin azahar, domin mutum goma ne suka gan ta. A can tsakiyar kurmi kuwa, inda dabbobin suka fi yawa, ba a samun labari ko ɗaya, domin babu mai gani. Har wa yau in tsoro ya shiga gari mutane sukan buga waya a kan abin da a da sai su kau da kai su wuce. Saboda haka taswirar tana nuna inda mutum da beyar suke haɗuwa ne, ba ta faɗin yawan dabbobin da ke daji.

Don a san yawansu sai aka koma ga wata dabara. Ana ɗaure kyamara mai ɗaukar hoto da kanta a jikin itace, a rataye ɗan abin zuma a sama daura da ita. In beyar ta ji ƙanshi ta miƙe tsaye don ta kai ga zumar, sai ƙirjinta ya fuskanci kyamara. Farin tabon nan na kowace dabba daban yake da na 'yar'uwarta, kamar yadda zanen yatsan mutum yake, don haka ana iya gane wadda aka taɓa ɗauka da sabuwa. Daga yawan waɗanda suka sake bayyana sai masu lissafi su fitar da kimanin jimla.

Sakamakon ya girgiza hukuma. Shekara da shekaru Lardin Akita yana aiki da zaton cewa beyar ɗin da ke dazuzzukansa ba su wuce 1,000 da 'yan kai ba. Da aka gama binciken kyamara na shekara uku, sai a 2020 aka fitar da adadin kimanin 4,400. Ashe an daɗe ana tsara farauta da tsaro bisa adadin da bai kai rubu'in gaskiya ba. A shekarar kuɗi ta 2023 kaɗai an kama fiye da 2,000 a lardin, amma shekara biyu bayan haka sai ga su sun fito fiye da da.

LABARIN DA KE SAMAN ITACE

Ruwa ba ya tsami banza. Da aka jera alƙaluman shekaru aka duba, sai aka ga cewa shekarun da beyar take cika gari su ne shekarun da wani itacen duwatsu, wanda Japanawa suke kira buna, ya ƙi yin 'ya'ya. Ƙwayarsa ƙarama ce mai maiƙo, ita ce babban abin da dabbar take tara kitse da shi a arewacin Honshu. Halin itacen kuwa shi ne, wata shekara dukan kurmin ya yi 'ya'ya tare har ƙasa ta rufe, wata shekara kuma dukansa ya ƙi tare.

Ofishin Gandun Daji na yankin Tohoku, wanda hedkwatarsa take birnin Akita, yana aika ma'aikatansa su duba furen waɗannan itatuwa a farkon lokacin zafi, ya ba da sanarwar abin da ake zato, sa'an nan su koma su duba 'ya'yan a lokacin kaka. A 2023 sanarwar ta ce babu kome. A 2024 itatuwan suka yi 'ya'ya yadda ya kamata, matan beyar suka shiga rami da ƙiba, suka fito da 'ya'ya. A 2025 kuma sai kurmin ya sake ƙi a lardunan nan biyar da ofishin yake kula da su. Baki ya ƙaru, abinci ya ragu, yunwa kuwa ba ta san iyakar gari ba. Amfanin wannan bincike shi ne yana ba hukuma wata biyu ko uku na shiri kafin dabbobin su fara gangarowa.

ABIN DA TASWIRA TA TONA

Rashin 'ya'yan buna tsohon abu ne, kakannin mutanen Kazuno sun san shi, amma a zamaninsu beyar ba ta shiga kasuwa. A ƙarshen watan Nuwamba na 2024 wata ta shiga wani babban kanti a birnin Akita, ta raunata ma'aikaci, ta yi kwana biyu a ciki kafin a kama ta da tarko. Akasarin waɗanda aka raunata a lardin a 2023 ma a kusa da gidajensu abin ya same su, wani yana share ƙofar gida, wani yana tafiya gona.

Bayanin wannan yana cikin ƙidayar mutane. A tsakiyar shekarun 1950 Lardin Akita yana da mutum kimanin miliyan ɗaya da dubu 350, a 2024 kuwa adadin ya faɗo ƙasa da 900,000, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari sun kai shekara 65 ko fiye. Babu lardin da ya kai shi tsufa a Japan. Kazuno kansa ya taɓa samun mutum wajen 60,000, yanzu bai kai 30,000 ba. Samari sun tafi birane, makarantun ƙauye sun rufe, gidaje sun zama kango.

A da tsakanin kurmi da ƙauye akwai fili mai faɗi inda ake saran itacen wuta, ana ƙona gawayi, ana yankan ciyawa. Beyar ba ta son sarari, kuma kullum akwai motsin mutum a wurin. Da aka daina wannan aiki sai daji ya maye filin, gonakin da aka bari suka zama sarƙaƙiya, ciyawar bakin kogi ta yi tsawo ta zama hanyar da dabba za ta bi har tsakiyar gari ba a gan ta ba. A bayan gidajen da masu su suka mutu ko suka ƙaura kuma akwai itatuwan kaki, wanda ɗan'uwan kanyarmu ne amma 'ya'yansa sun kai girman tumatir, suna nuna a watan Oktoba da Nuwamba babu mai tsinka. Wanda ya dubi inda alamu suka taru a kan taswira sau da yawa zai tarar da irin waɗannan itatuwa a wurin. Gaskiyar masu iya magana, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Daga wannan fahimta ne aka fito da tsarin raba ƙasa gida uku: can cikin kurmi inda ake barin dabbar ta zauna, da tsakiya inda ake share daji don a mayar da sararin da, da kuma wurin zaman mutane inda ba a yarda ta saba ba. Hukumomi suna ba da taimakon kuɗi domin sare itatuwan kaki da aka bari, da kewaye gonaki da wayar lantarki.

DARASIN KARUIZAWA

Akwai wani gari a Lardin Nagano, sunansa Karuizawa, wanda ya bi wata hanya. A can wata ƙungiya mai suna Picchio, wadda take aiki da hukumar garin, takan kama beyar ta sa mata abin wuya mai aika sigina ta sake ta. Da dare a watannin zafi ma'aikatanta suna zagawa da na'urar karɓa suna neman inda kowace take, in wata ta matso kusa da gidaje sai a kore ta; a 2004 aka fara wannan kora da karnuka irin na Kareliya waɗanda aka horar don aikin. An kuma sauya akwatunan shara da waɗanda dabbar ba ta iya buɗewa. Ɓarnar wuraren tara shara, wadda ta haura sau ɗari a 1999, ta koma babu a 2009. Fa'idar wannan hanya ita ce an san kowace dabba da halinta, sai a kashe mai laifi a bar sauran. Sai dai tana bukatar kuɗi da ƙwararru masu kwana a farke, kuma abin da ya yiwu a gari guda mai arzikin baƙi yana da wuya a lardi mai dubban dabbobi.

WA ZAI AMSA KIRAN?

Labari kome saurinsa ba ya ɗana tarko. Lardin Akita shi ne mahaifar maharban gargajiya da ake kira Matagi, musamman na yankin Ani, waɗanda suke farautar beyar a ƙungiya bisa dokokin kakanninsu, amma yau kaɗan suka rage. A 1975 masu lasin farauta a Japan sun haura 500,000. A 'yan shekarun nan adadin yana wajen 200,000, fiye da rabinsu sun wuce shekara 60, da yawa kuma lasin tarko kaɗai gare su. Waɗannan dattawa, masu sana'o'insu na daban, su ake tasa da asuba su duba tarkon da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa. Wannan ne ya kai ga kiran soja.

Gwamnati ta yi gyare-gyare. A watan Afrilu na 2024 ta sa beyar cikin jerin dabbobin da take ba larduna kuɗi don rage yawansu. Daga 1 ga Satumba na 2025 doka ta ba magajin gari ikon umartar maharbi ya yi harbi a cikin gari in an cika sharuɗɗan tsaro, abin da a da sai da umarnin ɗan sanda. Daga tsakiyar Nuwamba na shekarar kuma aka yarda 'yan sanda su harbi dabbar da bindigarsu.

Kisan bai gamshi kowa ba. A watan Oktoba na 2023, da aka kashe wata uwa da 'ya'yanta biyu a garin Misato na Akita, ofisoshin hukuma sun sha kiran waya na masu fushi, da yawansu daga wajen lardin. Masu wannan ra'ayi suna da abin tunawa, domin a 2012 aka tabbatar cewa beyar ta ƙare a tsibirin Kyushu, a Shikoku kuma waɗanda suka rage ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Mutanen ƙauye su ma suna da tasu hujja, gama su ne suke binne 'yan'uwansu, su ne kuma suke jinyar waɗanda aka yaga wa fuska. Abin da zai iya raba wannan gardama shi ne adadi na gaskiya: dabba nawa ce take daji, nawa za a iya cirewa ba tare da irin ya ƙare ba, kuma waɗanne ne suka saba da gari.

A watan Disamba na 2025, da aka yi zaɓen harafin da ya fi dacewa da shekara kamar yadda aka saba a Japan, harafin beyar ne ya zo na ɗaya, aka rubuta shi a haikalin Kiyomizu na birnin Kyoto. A Kazuno kuwa in ƙanƙara ta rufe duwatsu, wayar ofishin gari takan lafa, ma'aikata su sami damar zama da labaran shekara su fitar da bakin kogin da za a share da itatuwan da za a sare kafin watan Afrilu. Wahalar da ke gabansu ita ce, yawancin itatuwan nan suna da masu su, kuma sai an nemo magajin da ya koma birni tun shekaru ya ba da izini kafin a sa musu zarto.